Bishiyoyin Birnin Kano: Tambayoyi da Amsoshi Kan Sarewa, Dasawa da Aikin Hukumomin Muhalli

Duk shekara idan zafin Afrilu ya kai mutane bango, sai a tuna da bishiya. Damina na sauka a yi bikin dashe, a ɗauki hotuna, kafin hunturu kuma an manta. Tambayoyin da ke ƙasa su ne ake ta maimaitawa a zauren masu unguwanni, da makarantu, da wajen masu sayar da dashe a bakin titi.

Wace hukuma ce ke da alhakin bishiyoyin cikin gari?

A Najeriya sha'anin gandun daji galibi yana hannun jihohi da ƙananan hukumomi, ba Abuja ba. A Kano, Ma'aikatar Muhalli ta jiha ce uwa, a ƙarƙashinta akwai sashen gandun daji da kuma shirin dashen itatuwa na jiha da aka fi sani da KNAP, wanda ke da gidajen rainon dashe. Kowace ƙaramar hukuma kuma tana da malaman daji a sashenta na aikin gona. Birnin ya ratsa ƙananan hukumomi takwas daga cikin 44 na jihar: Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo.

Akwai wasu hukumomin da aikinsu ke taɓa bishiya ko da ba ita aka kafa su dominta ba. Hukumar tsara birane ta jiha, wato KNUPDA, ita ce ke duba tsarin gini da abin da ya rage tsakanin gida da titi, hukumar REMASAB na kwashe shara, kamfanin rarraba wutar lantarki na KEDCO kuma yana da ta cewa kan reshen da ya hau wayar wuta. Shi ya sa mai ƙorafi kan sha yawo daga wannan ofis zuwa wancan. Hanya mafi sauƙi ita ce a fara daga mai unguwa da malamin daji na ƙaramar hukuma.

Tunda ana dasa sababbi duk shekara, me ya sa ake kukan tsohuwar bishiya guda?

Saboda inuwa ba a sayen ta a kasuwa, shekaru ne ke yin ta. Tsamiyar da mutum goma ke zama a gindinta ta kwashe shekaru masu yawa kafin ta kai haka, wataƙila wanda ya dasa ta bai sha inuwarta ba. Injin yanka kuwa ba ya buƙatar ko awa guda. Idan aka kayar da ita aka dasa ƙanana ɗari a madadinta, an yi musayar abin da ke hannu da alƙawari, kuma yawancin alƙawarin akuya ce ke cinye shi (duba tambayar da ta shafi mutuwar dashen gwamnati).

Babbar bishiya tana sanyaya wuri ta hanya biyu. Tana tare rana kada ta gasa kwalta da kwano da bulo, waɗanda ke shan zafi da rana su amayar da shi da dare. Sannan tana zuƙo ruwa daga ƙasa ta fitar da shi ta ganye, iskar da ke kewaye da ita ta yi sanyi kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Ganyenta na tare ƙurar hunturu, saiwarta na buɗe ƙasa ruwan sama ya nutse maimakon ya kwanta a lungu. Ɗan dashe mai tsawon kamu biyu ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Don haka a ganina, awon aikin kowace hukumar muhalli shi ne adadin manyan bishiyoyin da ta hana a kayar, kafin a zo ga adadin ledar da ta raba.

Da gaske ne Kano ta taɓa zama gari mai itatuwa?

Sunayen unguwanni kaɗai sun isa shaida. Dorayi jam'in ɗorawa ne, Giginyu na giginya. Ga Kurna, ga Tsamiyar Boka, ga Kukar Bulukiya, ga Durumin Iya, ga Rimin Kebe da Rimin Auzinawa. Kasuwar Kurmi ma, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), ta samo sunanta ne daga kurmin da ke bakin Jakara. Ba a sa wa wuri sunan abin da babu shi. Yau ka shiga da yawa daga cikin waɗannan unguwanni ka nemi bishiyar da ta ba su suna, sai dai dattijo ya nuna maka shago ko kanti ya ce nan take.

Abin da ya cinye su ba asiri ba ne: gari ya faɗaɗa, gonaki sun zama fuloti, an faɗaɗa tituna, kuma kowane taƙi na ƙofar gida ya zama wurin haya.

Bishiyar da ke ƙofar gidana tawa ce? Ina da ikon sare ta?

Ya danganta da inda take tsaye. Wadda ke cikin katangar gidanka taka ce. Wadda ke bakin titi, ko a kasuwa, makaranta, maƙabarta, filin idi ko harabar asibiti, ta jama'a ce, ko da kai ne ka dasa ta ka shayar da ita. Filin da ke tsakanin katangarka da kwalta galibi ba ya cikin takardar fulotinka. Irin wannan bishiya ba a taɓa ta sai da izini.

A gona ma akwai itatuwan da dokar daji ta daɗe tana karewa saboda amfaninsu, irin su ɗorawa da kaɗanya. Tun zamanin En'e manomi ya san ba a kayar da su sai malamin daji ya sani.

Yaya ake neman izini, kuma wane dalili ake karɓa?

A rubuta takarda zuwa sashen gandun daji, a faɗi wurin da bishiyar take, irinta, da dalilin neman sarewa. Sa hannun mai unguwa yana ƙara wa takardar nauyi. Jami'i zai zo ya gani da idonsa, domin ba a yanke hukunci daga kan tebur. Idan an buƙaci ka biya wani abu, ka karɓi rasit na gwamnati mai hatimi, ka ajiye shi tare da takardar izinin. Wanda ya miƙa kuɗi a bayan fage ba shi da abin nunawa ranar da wani jami'in ya zo.

Dalilan da ke da ƙarfi su ne: bishiya ta bushe, ko cikinta ya rube ya zama kogo, ko ta karkata tana barazanar faɗa wa gida, ko kuma ta tsaya a tsakiyar aikin da babu yadda za a kauce mata. Waɗanda ba su da ƙarfi, amma su aka fi kawowa: tana zubar da ganye, tana tare allon shago, matasa na zama a gindinta, tsuntsaye na ɓata mota. Kusan dukkan waɗannan rage rassa ke maganinsu, kamar yadda amsa ta gaba ta nuna.

Reshe ya hau wayar wuta, saiwa kuma na tsaga mini katanga. Ban da sarewa akwai mafita?

Akwai. Reshen da ya kusanci wayar wuta kada ka hau da kanka, kada kuma ka tura yaro da adda. Wutar lantarki na bi ta ɗanyen itace. A sanar da ofishin wutar lantarki na yankin su kashe layin kafin a taɓa. A sauran rassa, a yanke da zarto kusa da inda reshen ya fito daga uwar, ba a bar dogon kututture ba, ba a kuma shafe har cikin jikinta ba. Babban reshe a fara tsaga shi ta ƙasa kafin a yanko ta sama, don kada nauyinsa ya yage ɓawon. Kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen a lokaci guda. Askin ƙwal-kwabo da ake yi wa darbejiya, a bar ta kamar turke, yana fitar da tohon da ba shi da ƙwari, wanda iskar farkon damina ke karyawa.

Saiwa kuma, ana iya haƙa rami siriri tsakanin bishiyar da katanga, a datse saiwoyin da suka nufi ginin, a zuba kankare ko a kafa wani abu mai ƙarfi ya tare. Sharaɗi biyu: ta ɓangare guda kawai ake yi, kuma nesa da gindin. Wanda ya datse manyan saiwoyi dab da gindi ya cire wa bishiyar ƙafa, ran da hadari ya taso a kan gidansa za ta kwanta.

Me ke kashe bishiyar cikin gari ban da gatari?

Na farko siminti. Mutum ya shafe ƙofar gida da kankare ko intalok har ya shaƙe gindin, ruwa ba ya shiga, iska ba ta shiga. Bishiyar ba ta mutuwa nan take, sai bayan shekara biyu ko uku ta fara bushewa daga sama, a ce ai tsufa ne. A bar mata buɗaɗɗen wuri, aƙalla taku guda ta kowane ɓangare.

Na biyu sassaƙe. Maɗaci ya fi kowa shan wannan wahala saboda ana neman ɓawonsa don magani. Abincin da ganye ke haɗawa ta ƙarƙashin ɓawo yake bi ya sauka ga saiwa. Idan aka sassaƙe gefe guda, raunin kan warke. Idan aka zagaye gindin gaba ɗaya, an yanke hanyar, saiwa ta mutu da yunwa. Sai kuma ƙona shara a gindi, da zubar da baƙin mai a garejin makanikai, da ruwan rini ko na batir, da ƙusoshi da wayar da ake ɗaure allon talla da su har su nutse cikin jiki. Akwai ma masu yin wasu daga cikin waɗannan da gangan, don bishiyar ta bushe a samu hujjar kayar da ita.

Wace bishiya ta dace in dasa?

Duba girman wurin tukuna. Ƙaramin tsakar gida: zogale, gwaiba, lemun tsami, rumman, ko gwanda. Gida mai fili: mangwaro mai aure, wanda kan fara 'ya'ya cikin shekara uku zuwa huɗu, ko dabino. Bakin titi da makarantu: darbejiya da maɗaci. Manyan filaye kamar maƙabarta da filin idi, nan ne gurbin na gado masu daɗewa: tsamiya, kuka, kanya, ɗinya, ɗorawa, gawo, aduwa. Ceɗiya da durumi suna da sauƙi domin reshe ake yankowa a kafa, kuma inuwarsu ba ta da na biyu, amma saiwarsu na bin ruwa, don haka a nisanta su da rijiya, shadda da bututu.

Babbar bishiya a ba ta aƙalla mita biyar daga katanga, kuma kada a dasa ta ƙarƙashin wayar wuta. Rabin rigimar da aka yi bayani a sama daga ranar dashe aka shuka ta.

Me ya sa ko'ina darbejiya? Ita da bishiyar turare ba baƙi ba ne?

Baƙi ne. Darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro, maina ko bedi, asalinta yankin Indiya ne, kuma a 1928 aka fara gwada ta a lardin Borno. Ta karɓu domin tana jure fari, tana girma da sauri, tana riƙe ganye a bazara lokacin da aka fi buƙatar inuwa. Ba a raina ta ba. Matsalar ita ce gari ya dogara da iri guda: cuta ɗaya na iya share titi sukutum, kuma yaro zai tashi bai san kanya ko ɗinya ba sai a faranti.

Turare daga Ostareliya yake. Yana da amfani wajen azara da shingen tare iska a bayan gari, amma mashayin ruwa ne, rassansa na karyewa, kuma inuwarsa ba ta taka kara ta karya ba. Bai dace da ƙofar gida ba.

Yaushe ake dashe, kuma yaya?

Idan damina ta zauna, wato daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli, don dashen ya sha ruwan Agusta ya kama ƙasa kafin ruwa ya ɗauke. Dashen Satumba wahala ce. A haƙa rami mai faɗi da zurfin kamar rabin mita, a gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki, ba ɗanye ba. A yage ledar a cire ta gaba ɗaya ba tare da an farfasa ƙasar da ke riƙe da saiwa ba. Abin dariya ne amma ana yi: a binne dashe da ledarsa. A dasa da yamma, a daidaita wuyansa da bakin ƙasa, a danne, a yi masa ɗan kwari mai tare ruwa.

Daga nan sai kariya: kewayen bulo mai ramuka, ko kwando, ko ƙaya. A rufe gindin da busasshiyar ciyawa ba tare da ta taɓa jikinsa ba. Toka na taimakawa wajen rage gara. A rani biyu na farko yana son bokiti guda sau biyu ko uku a mako. Ruwan alwala ya wadatar, shi ya sa dashen ƙofar masallaci ya fi na ko'ina rayuwa.

Me ya sa dashen da gwamnati ke yi a bakin titi ke mutuwa?

Domin ba shi da mai shi. Kuɗin da ake warewa galibi yana ƙarewa ne a rainon dashe da ranar biki. Shinge, ban ruwa da gadi, waɗanda su ne ainihin aikin, ba su da hoto mai kyau, don haka ba su cika samun kaso ba. Watan Nuwamba ruwa ya ɗauke, dabbobi na yawo sakaka, zuwa Maris sai ramuka.

Inda dashe ya rayu, idan ka bincika za ka tarar da mutum guda a bayansa: mai shayin da ke son inuwa, ladanin masallaci, maigadin makaranta, ko wata Hajiya da ta sa jikokinta ban ruwa. Hukumar da ta gane haka ba ta tambayar dashe nawa aka raba, tana tambayar wa aka damƙa wa kowane ɗaya, sannan ta dawo bayan shekara ta ƙirga masu rai.

Ana ta cewa wayar da kan jama'a. Me ake yi a zahiri?

Hanyoyin sanannu ne: shirye-shiryen rediyo, wanda har yanzu ya fi kowace kafa shiga gidajen Kano, ƙungiyoyin muhalli a makarantu, huɗubar Juma'a, taro da masu unguwanni da dagatai, da ranakun tunawa irin 5 ga Yuni, ranar muhalli ta duniya, da 21 ga Maris, ranar dazuzzuka.

Sai dai gaya wa Bakano cewa bishiya na da amfani ɓata baki ne, ya sani, kowa na rububin inuwa wajen ajiye mota. Abin da bai sani ba shi ne kankare na shaƙe saiwa, zagaye ɓawo na kisa, ana iya rage reshe maimakon kayarwa, kuma ga ofishin da ake zuwa. Ilimin da ke aiki shi ne wanda aka kai wa masu riƙe da makamin: magina, masu injin yanka, masu sassaƙen magani, 'yan kwangilar titi, da masu gidajen burodi. A makaranta kuwa, a ba kowane aji bishiyoyinsa da sunansa, a kuma tanadi wanda zai shayar da su lokacin hutu, domin hutun da ya faɗo a rani ne ke kashe dashen makarantu.

Addini ya ce wani abu a kan wannan?

Ya ce. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa babu Musulmin da zai dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci daga ciki, face ya zama sadaka a gare shi. Imamu Ahmad ya ruwaito umarnin cewa idan alƙiyama ta tsaya alhali ɗayanku na riƙe da dashen dabino, in zai iya dasa shi to ya dasa. Abu Dawud ya kawo gargaɗi mai tsanani kan sare magarya, ya kuma fassara shi da wadda matafiya da dabbobi ke fakewa a inuwarta, aka sare ta ba da haƙƙi ba. Halifa Abubakar ma ya hori rundunarsa kada su sare itace mai 'ya'ya, a halin yaƙi ke nan.

An ce tsamiya da kuka matattarar aljanu ne, bishiya kuma na kawo sauro da macizai.

Wannan imani a da shi ya kare tsofaffin itatuwa, domin ba mai ƙarfin halin ɗaga musu gatari. Yanzu ya juye ya zama hujjar kayar da su. Sauro dai a kwantaccen ruwa yake ƙyanƙyasa: kwata, tsohuwar taya, gwangwani. Maciji kuma ɓera yake bi, ɓera na bin shara da tarkace. A share gindin, a ɗage rassan ƙasa, a gyara kwata.

Talaka da gas ya fi ƙarfinsa, da me zai yi girki in an hana itace da gawayi?

Tambaya ce ta gaskiya, kuma duk hukumar da ta kauce mata wasa take yi. Tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 rayuwa ta yi tsada, gidaje da yawa da suka saba da gas sun koma gawayi. Amma a bambanta abu biyu. Matar da ke tsintar busassun ƙirare ba ita ke share daji ba. Masu kayar da ɗanyen kirya, marke da kaɗanya a cika tirela da buhunan gawayi su ne matsalar, kuma a can ya kamata doka ta fi tsanani.

A gida, murhu mai tattali yana rage itacen da murhun duwatsu uku ke ci, domin yana tattara zafin a gindin tukunya. Jiƙa wake kafin dafawa da rufe tukunya ma suna ragewa. Rassan da aka rage bisa ƙa'ida kuma itacen girki ne halal, bishiya guda za ta iya ba da su shekara da shekaru tana tsaye.

Akwai inda aka gwada karewa maimakon dasawa aka ga amfani?

Maƙwabtanmu na Nijar. Bayan farin shekarun 1970 da 1980 an kashe kuɗi sosai kan dashe a yankin Maraɗi, yawanci ya mutu. Daga 1983 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo tare da manoman yankin suka koma ga kututturan da ke toho a gonaki: a zaɓi toho mafi ƙarfi, a rage sauran, a kare shi. Ana kiran dabarar sassabin zamani. An ƙiyasta cewa ta dawo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kadada miliyan 5 a kudancin ƙasar, musamman Maraɗi da Damagaram, gawo na kan gaba. Abin da ya ƙarfafa ta shi ne manomi ya samu tabbacin cewa itacen da ya raina nasa ne.

Misalin birni kuma ya zo da gargaɗi. An fara kafa koren shinge kewaye da Yamai tun 1965, amma faɗaɗar gari da yanka fuloti sun ci babban ɓangarensa, duk da cewa ƙasar na dashe kowace 3 ga Agusta.

Ina alaƙar wannan da Babbar Koriyar Ganuwa da shirin ACReSAL?

Ganuwar shiri ne na dashen itatuwa don tare hamada, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti. Najeriya ta kafa mata hukuma da doka a 2015, tana aiki a jihohi 11 na bakin hamada, har da Kano. ACReSAL kuma shiri ne na dala miliyan 700 daga Bankin Duniya, wanda ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja. Dukansu sun fi karkata ga farfaɗo da ƙasa, shingen tare iska da madatsun ruwa. Darbejiyar ƙofar gidanka tana nan a hannun jiha, ƙaramar hukuma da kai.

Na tarar ana sare bishiyar bakin titi a unguwarmu. Me zan yi?

Ka yi sallama ka tambayi takardar izini cikin ladabi. Mai injin galibi ɗan aike ne, wanda ya sa shi ake nema. Idan babu takarda, ka kira mai unguwa nan take, ka ɗauki hoton bishiyar da wurin, sannan a kai rahoto sashen gandun daji na ƙaramar hukuma ko Ma'aikatar Muhalli, a rubuce, da sa hannun mutane da dama. Kada ka shiga tsakanin mutum da injinsa, kada kuma ka tara matasa.

Idan ka makara an riga an kayar, kada a bari a ƙone kututturen ko a tone shi. Darbejiya, ceɗiya da maɗaci kan yi toho daga gindi, kuma da yake tsohuwar saiwar na nan da ranta, tohon ya fi sabon dashe saurin girma nesa ba kusa ba. A bar guda ɗaya ko biyu mafi ƙarfi, a cire sauran, a kewaye shi da bulo kafin awaki su gani.